DA SUNAN MAMACI

Shafi na 14

Na ga zagin da kuka yi mini a ƙasan shafin jiya. Wadda ta ce ba ni da imani, na gode. Wanda ya ce da shi ne da tun ranar farko ya faɗi gaskiya, sannu gwani, Allah kada ya jarrabe ka. Ni dai Neda ce, abin da na yi na yi, ba kuma wanke kaina na zo yi ba.

Ku kuma sababbin zuwa, ga shi a taƙaice, kada wani ya ƙara tambayata. Ƙanena Momchil ya rasu a hatsarin babur. A wasan yaƙin da yake bugawa a kwamfuta sunansa Maƙeri. Dokar ƙungiyarsu uku ce: ba suna, ba fuska, ba gari. Shi ko murya ba ya sawa saboda in'ina, rubutu kawai yake yi. Na shiga da sunansa don in sanar da su ya mutu, sai ga mutum goma sha ɗaya sun rubuto, "Maƙeri ya dawo!" Hannuna ya ƙi. Tun daga ranar ni ce Maƙeri, kuma Mama ba ta sani ba.

Mu je.

*

Asabar ce, ranar da ya cika wata shida da rasuwa.

Mun dawo daga maƙabarta wajen goma da rabi. Fadan coci ya yi addu'a, Mama ta zuba ruwan inabi a kan kabarin, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Wannan rashin kukan nata shi ya fi komai ba ni tsoro.

Muna kicin muna cika 'yan kofuna da dafaffiyar alkamar da za a raba wa maƙwabta.

"Sukarin ya yi yawa," in ji Mama.

"Haka yake so."

"Na sani. Ai ban ce ki rage ba."

Sai wayata ta girgiza a aljihu. Ta sake. Ta sake.

Na shige banɗaki na murɗa makulli.

Bushiya ce.

Bushiya 'yar ƙasarmu ce, amma shekara biyar ke nan tana Italiya tana kula da wata tsohuwa. In tsohuwar ta yi barcin rana sai ta shiga wasa. Ita kaɗai Momchil ya karya wa doka: bara da sanyi ya ba ta adireshin gidanmu, ya ce duk ranar da duniya ta yi mata zafi ga ƙofa nan. Sati uku da suka wuce ta rubuto tana kuka, ɗan tsohuwar ya mare ta a kan miya ta huce. Ni kuma uwar iya, na rubuta abin da na san shi zai rubuta: "Ƙofar tana nan a buɗe."

Na ɗauka rarrashi ne kawai.

Bushiya: Maƙeri, kada ka yi faɗa.

Bushiya: Ina cikin bas. Tuni mun baro Sofiya.

Bushiya: Direba ya ce sha ɗaya da rabi muna garinku, Troyan.

Na zauna a bakin baho.

Maƙeri: Wasa kike yi?

Bushiya: Awa talatin a zaune, ƙafata kamar gammo, wane irin wasa?

Maƙeri: Ba na gari.

Bushiya: Zan jira.

Maƙeri: Kwana uku zan yi.

Bushiya: Shekara uku nake jira in ga ko kana da hanci. Kwana uku me ne?

Maƙeri: Mama ba ta jin daɗi. Gidan ba na baƙi ba ne yanzu.

Bushiya: To ai ka samu gwana. Kula da tsofaffi shi ne sana'ata.

Maƙeri: Don Allah ki koma tukuna.

Ina ganin alamar tana rubutawa tana gogewa.

Bushiya: In koma ina? Na ajiye musu makullinsu a kan tebur. Gidanmu na ƙauye yayana ya sayar. Kai ka ce in zo.

Bushiya: Ko ba da gaske kake ba?

Na rantse muku na rubuta. Na rubuta, "Wanda kike nema ya mutu tun watan Maris." Ga shi baƙi a kan fari, saura in danna. Na tuna mace ce ita kaɗai a cikin bas da akwati, ba ta da inda za ta kwana. Na tuna kuma, kada in yi muku ƙarya, in na danna, Maƙeri ya mutu ke nan, ni kuma in binne ƙanena sau biyu.

Na goge.

Maƙeri: Ki tsaya a tasha. Yayata za ta zo ta ɗauke ki.

Mama ta buga ƙofa.

"Neda, faɗawa kika yi?"

"Ga ni nan, Mama."

Ina ɗaga kai na ga fuskata a madubi, sai abin ya faɗo mini. Takardun rasuwa!

Jiya da yamma ni da hannuna na liƙa sababbi na wata shida. Goma sha biyu. Ɗaya a ƙofar gidanmu, sauran a kan turakun lantarki, da bishiyar bakin coci, da allon tasha. Hotonsa da shuɗiyar riga, sunansa, shekara talatin da huɗu. Bushiya ba ta san sunan ba, ba ta san fuskar ba, amma ta san lambar gida. Saurayi ya mutu a lamba tara, ai ko jaki zai haɗa lissafin.

Nan take na tsara. In cire takardun. In tare ta a tasha in ce ya tafi aiki Jamus ba shiri. In kai ta masauki a can ƙetaren kogi. In samu kwana biyu in yi tunani. Ko me zai faru, kada dai maganar nan ta iso ƙofar Mama.

Na san abin da za ku ce. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

"Zan kai wa 'yan kantinmu tasu alkamar," na ce da Mama, na sunkuci jaka.

"Ba ki ɗauki kofi ko ɗaya ba."

Na dawo na zuba uku a jaka ba murfi, na fita.

*

Ta ƙofarmu na fara.

Na liƙa ta da kyau jiya, salatif kusurwa huɗu saboda ruwan sama. Na sa farce na ja. Salatif ɗin ya ƙi, takardar ta yage daidai kan fuskarsa, rabin murmushinsa ya rage a jikin ƙarfe.

"Ka yafe mini, Momchil," na ce. Na kankare sauran.

"Nedyalka!"

Wayyo ni. In aka kira ni da cikakken sunana na san ba lafiya.

Gwaggo Tsonka ce, maƙwabciyarmu, zaune a kan bencinta da ƙwaryar wake a cinya. Matar nan shekara arba'in ko ƙuda bai taɓa wucewa layinmu ba tare da ta san gidan da ya fito ba.

"Me nake gani haka?"

"Ina kwana, Gwaggo. Kuskure aka yi a wurin bugawa. Kwanan watan ba daidai ba ne."

"Wane kwanan wata? Sau uku na karanta da tabarau. Daidai yake."

"Harafi ɗaya ne a sunan..."

"Ke! Ni na riƙe yaron nan ranar da aka yi masa baftisma, ni za ki koya wa sunansa?"

Ta ajiye waken ta miƙe, ta yi alamar gicciye.

"Takardar mamaci ruwa ke cire ta, iska ke cire ta. Hannun mutum ba ya cire ta. Ko mashayan bakin gada ba sa taɓawa. Ke kuma 'yar uwarsa ciki ɗaya? Rana irin ta yau?"

"Gwaggo, zan mayar da wata da yamma."

"Me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba."

"Gado ne? Ɗakin ne kike so?"

"Haba Gwaggo!"

"To faɗa mini. Wata shida ina ganinki, kin rame kamar tsinke, kin ƙule a ɗakinsa da wannan akwatin wasan nasa. Na yi shiru na ce baƙin ciki ne. Yau kuma wannan?"

Na duba agogo. Sha ɗaya da minti biyar.

"Don girman Allah kada ki gaya wa Mama. Awa ɗaya kawai nake roƙo."

"Ni ba na kai tsegumi," in ji ta.

Da ba a firgice nake ba da na yi dariya.

Na bar ta tsaye na ruga.

Turke na farko. Na biyu. Na uku ma sai da na yi ɗage, don Mama ce ta ce a sa ta sama inda yara ba za su kai ba. Duk wadda na yage in dunƙule in cusa a jaka, a kan alkamar da ta riga ta zube. A bishiyar coci an liƙa tasa tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya mai shekara tamanin da tara, ɗaya casa'in. Shi kaɗai ne mai baƙin gashi. Nan ne kuka ya zo mini, na haɗiye shi, don ba ni da lokacinsa.

Wata mata da keken jariri ta tsaya tana kallona baki buɗe.

"Kallon me?" na ce mata. Ta tura kekenta da sauri.

Ni Neda, da nake tsayawa a kantin magani da farar riga mutane na ce mini ranki ya daɗe, ga ni ina bin layi ina yagar fuskar ƙanena. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

Ta goma sha biyu a allon tasha take. Ina cire ta bas ɗin Sofiya na shigowa.

*

Sai a lokacin na tuna ban san wa nake jira ba.

Doguwa ce? Gajera? Shekara uku na hirarsu na karanta kaf, na san tana tsoron tsawa, na san ba ta cin kifi, amma in ta taka mini ƙafa a hanya ba zan gane ta ba.

Na ƙure ƙarar wayata don kada saƙonta ya wuce ni, na tsaya a bakin ƙofar bas.

Soja ɗaya ya sauko. Ɗalibai biyu. Wani dattijo da injin feshi a kwali. Wata mata da miji da 'ya'ya.

Shi ke nan.

"Malam direba, ba wata mace mai akwati?"

"Mai jan akwati? Ta sauka a gada. Ta nuna mini adireshi na ce mata nan ya fi kusa, ta hau tudu kawai."

"Wa ya sa ka?"

"Ikon Allah. Taimako ya zama laifi?"

Wayar ta yi ƙara.

Bushiya: Kada yayarka ta wahala, an sauke ni kusa.

Bushiya: Na ga cocin. Gabana faɗuwa yake yi kamar ranar da muka fara shiga Kogon Wuta a wasa.

Bushiya: Koriyar ƙofa ko?

Maƙeri: TSAYA A INDA KIKE.

Ba ta buɗe ba.

Daga tasha zuwa gidanmu minti goma sha biyar ne a ƙafa. Ban san nawa na yi ba. Takalmina ɗaya ya tsinke a kan gada, na ci gaba ina jan sa. Duk hanya abu ɗaya nake faɗa: na cire ta ƙofa, na cire ta ƙofa, ba abin da za ta gani. In Mama ta leƙo zan ce ƙawata ce.

Na sha kwanar layinmu, na tsaya cak.

Mama na bakin ƙofa cikin baƙaƙen kayanta, da salatif a hannu. Gwaggo Tsonka na gefenta ta harɗe hannu. Ashe Mama ta ajiye wata takardar rasuwar a ƙarƙashin hoton Maryama, ban sani ba.

Wata 'yar siririyar mace mai gajeren gashi kuma ta jingine jan akwati a bango. Ita ce ta danne takardar a jikin ƙofa da tafukanta biyu, tana shafe ta don kada ta yi lanƙwasa.

"Ɗan ɗaga nan, 'yata," in ji Mama.

"Haka, Inna?"

"Yawwa. Allah ya yi miki albarka. Baƙuwa ma ta san daraja."

Sannan ta juyo ta gan ni.

Ba ta ɗaga murya ba. Mama ba ta ɗaga murya, shi ya sa nata ya fi ciwo.

"Kawo jakar."

"Mama, bari mu shiga ciki..."

"Kawo."

Ta buɗe. Ta zaro ɗaya, duk alkama ta manne mata. Ta warware ta a hankali a kan ƙirjinta. Ta zaro ta biyu.

"Duka?"

Na kau da kai.

"Goma sha biyu, Stoyanka, in dai ta kai tasha," Gwaggo Tsonka ta ce da Mama. "Ni ban so faɗa ba."

"Ni na haife ki kuwa?" in ji Mama.

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Baƙuwar ta sunkuyar da kai, irin na wanda ya faɗo cikin faɗan gidan da ba nasa ba. Mama ta lura. Ta miƙa hannu kan tiren da ke bisa bencin, ta ɗauko kofi ɗaya da cokali ta ba ta.

"Ci, 'yata. Don ɗana Momchil."

"Allah ya gafarta masa," in ji ta. Ta kai cokali baki.

Ina tsaye ina kallonta tana cin alkamar mutumin da ta yi awa talatin a mota dominsa.

Ta dubi hoton, ta daɗe.

"Yana da fara'a," ta ce. "Yanzu na gane."

"Kin gane me?" in ji Mama.

"Dalilin da ya sa yake ta hana ni zuwa. Wata shida ke nan ya canza, ba ya tsokana kamar da, ko wasan ma hannunsa ya yi nauyi. Na ɗauka ni ce na gundure shi. Ashe ɗan'uwa ya rasa, ya kasa gaya mini." Ta share ido da bayan hannu. "Ku yafe mini, na zo muku a mummunar rana. Sunana Ralitsa."

Ta juyo wurina da murmushi.

"Ke ce yayar ko? Yana yawan maganarki. Ya ce kin fi barkono zafi, amma ke ce bangonsa."

Ban san ya taɓa faɗin haka ba. A wani wurin ya faɗa, ba a hirar da na karanta ba.

"Zo mu je," na ce, na cafki akwatinta. "Na kama miki ɗaki. Zo, a hanya zan yi miki bayani."

"Dakata," in ji Mama. "Wa kike nema, 'yata?"

"Mama, ƙawata ce..."

"Ba ke na tambaya ba."

Ralitsa ta yi 'yar dariyar kunya.

"Abin dariya ne, Inna, ko sunansa ban sani ba. Ɗayan ɗan naki. Mai wasa a kwamfuta. Mu Maƙeri muke ce masa."

Gwaggo Tsonka ta sake yin alamar gicciye.

Mama ta nuna takardar da ke jikin ƙofa.

"Ɗa ɗaya gare ni. Ga shi nan kin riƙe mini shi."

Cokalin ya faɗi ƙasa.

"A'a," in ji Ralitsa. "A'a, Inna, ba shi ba. Wannan tun Maris... Nawa yana nan. Yau ma mun yi magana."

"Yau?"

"Yanzun nan. Duba."

Ta zaro waya, ta miƙa. Na yi wuf zan karɓe, Gwaggo Tsonka ta riƙe mini hannu. Tsohuwa, amma riƙon kamar na ɗan dako.

Mama ta nisanta wayar da idonta tana karantawa, leɓenta na motsi.

"Sha biyu saura kwata," ta ce. "Na yau."

"Kullum muna magana. Ko jiya."

Na zaci Mama za ta faɗi. Na zaci za ta juyo ta tsine mini. Na shirya wa duka biyun.

Abin da ban shirya masa ba shi ne fuskarta ta yi haske.

"Ba su bar ni na gan shi ba," ta ce a hankali. "Tsonka, kin tuna? A rufe suka kawo akwatin. Suka ce kada in buɗe."

"Stoyanka, kada ki fara..."

"Na ce musu a buɗe, suka ƙi. Neda kaɗai ta shiga ta gani. Wa ya sani ko kuskure aka yi? Ana yi ai! An taɓa yi a garin Lovech, na ji a rediyo!"

"Mama," na ce. "Mama, don Allah saurare ni."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kama hannun Ralitsa da hannu biyu, ta manna mata wayar a tafi. Hawayen da suka ƙi zuwa a maƙabarta sai ga su, amma murmushi take yi, irin wanda rabona da gani tun kafin Maris.

"Ana iya kira da abin nan?"

"Ana iya, amma shi ba ya son murya..."

"Saboda in'ina! Kin ji, Tsonka? Shi ne! Kira shi, 'yata. Ba sai ya yi magana ba. Ki ce Mamansa ce, ba ta fushi, ya dawo gida kawai."

"Ralitsa, kada ki danna," na ce.

Ta dube ni, ta dubi Mama.

Ta danna.

Aljihuna ya ɗauki ƙara, duk layin na ji.

Mama ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman ta inda ɗanta zai ɓullo. Sannan idonta ya sauko kan rigata.

"Neda," ta ce, murmushin bai gama barin fuskarta ba. "Ba za ki ɗauka ba?"